Takardar fitsarin maigidana ta dawo, kusan duk magungunan an sa musu R

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya iya karatun takardar lab ya duba min. Baban Ilham ne ba lafiya, watansa huɗu da dashen ƙoda. Farkon satin nan ya fara jin zafi in zai yi fitsari, kuma bini-bini ya zagaya, muka kai fitsarin aka ce mu dawo bayan kwana uku. Yau na karɓo. An rubuta E. coli, a gefe kuma ESBL. Augmentin R, ceftriaxone R, cipro R, Septrin R, gentamicin R. Uku ne kawai aka sa wa S: meropenem, amikacin da nitrofurantoin. Jiya da daddare zazzaɓi ya rufe shi har haƙoransa na haɗuwa, bargo biyu na lulluɓa masa. Na ba shi Panadol ya sauka, yanzu ma yana falo yana shan shayi. Ranar ganin likitanmu sai Talata. Mu jira ko yaya?

Alhajin Gashuwa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Abba Kemis: Anti ai abin ya zo da sauƙi. R na nufin maganin ba ya cin ƙwayar cutar, S kuma yana ci. Tunda nitrofurantoin S ne, ƙwaya ce ta sha, ba tsada, kowane babban kemis akwai shi. A fara masa kafin Talatar.

Anti Nas: Abba dakata tukuna. Maman Ilham, kar ki jira Talata, kar ma ki jira la'asar. Mai dashe da ya yi zazzaɓi da karkarwa a kan zafin fitsari, asibiti ne wurinsa yau ɗin nan. Shayin da yake sha a falo kar ya ruɗe ki, Panadol ne ya danne zafin, ga kuma prednisolone da yake sha kullum, shi ma ɓoye zazzaɓi yake yi. Ki ɗauki takardar nan, da duk magungunansa a leda, da takardun sallamar da aka ba ku bayan aiki. In kin isa ki fara faɗa musu "mai dashen ƙoda ne", kafin ma ki faɗi abin da ke damunsa.

Maman Ilham: Innalillahi. To Anti, bari na kira ƙaninsa ya kawo mota.

Abba Kemis: Ni dai abin da takarda ta nuna na faɗa. S ai S ne.

Dokta: Salamu alaikum. Na goyi bayan Sista ɗari bisa ɗari, Hajiya ku kama hanya, ki karanta sauran a mota.

Malam Abba, S ɗin gaskiya ne, amma a cikin faranti a lab. Nitrofurantoin a mafitsara yake taruwa, ba ya shiga naman ƙoda yadda zai yi aiki, ba ya zama a jini. In ciwon a mafitsara kawai ya tsaya, zafin fitsari ba zazzaɓi, kuma ƙodar tana tacewa da kyau, ana iya amfani da shi. Amma karkarwa alama ce ta cewa ƙwayar ta hau ƙodar da aka dasa, wataƙila ma ta fara shiga jini. A nan in ka ba shi wannan maganin, zafin fitsarin zai iya lafawa, iyali su saki jiki, cutar kuma tana can tana cin ƙodar.

Mu tuna inda ƙodar dashe take. Ba a baya take ba kamar ta haihuwa, a mara ake sa ta, kusa da mafitsara, bututun da ke haɗa su gajere ne, kuma sau da yawa fitsari kan ɗan koma sama. Hanya ta yi wa ƙwayar cuta kusa. Ga tacrolimus da mycophenolate sun kwantar da garkuwar jiki da gangan don kar ta yaƙi ƙodar. Shi ya sa cikin cututtukan da ƙwayoyi ke jawo wa masu dashe, na fitsari ne kan gaba, musamman a wata shida na farko.

ESBL ɗin da aka rubuta wani sinadari ne da ƙwayar take ƙerawa, yana karya ceftriaxone da danginsa kafin su taɓa ta. Irin waɗannan ƙwayoyin yawanci suna ɗauke da kariyar cipro da Septrin a tare, shi ya sa kuka ga R a jere. Saura biyu ke nan. Amikacin yana kashe ta, amma yana iya illata ƙoda da kunne, ga mutum mai ƙoda ɗaya tilo da ke shan tacrolimus, kar a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Don haka mafi yawanmu meropenem za mu ɗauka, ta jijiya, a daidaita shi da ƙarfin ƙodar. Amma likitan da ya gan shi da ido shi zai yanke.

Alhajin Gashuwa: Dokta Allah ya saka da alheri. Maman Ilham a ina aka yi masa aikin? Ina tambaya ne don ni a Indiya aka yi min, yau shekara tara, kuma da ƙwayar da ba ta jin magani na dawo. Wata na farko a gida ban san inda kaina yake ba. Tun lokacin nake cewa cutar nan daga can muke kwaso ta.

Maman Ilham: Baba mu ma can ne. Muna hanya yanzu.

Alhajin Gashuwa: Kun ji ko!

Ɗan Lab: Ranka ya daɗe Alhaji, akwai ƙamshin gaskiya a maganarka amma ba duka ba. Akwai wani sinadarin da ya fi ESBL muni, NDM, wanda yake karya har meropenem ɗin. A 2008 aka fara gano shi, a fitsarin wani mutum a Suwidin da ya kwanta a asibiti a New Delhi, daga nan ma sunan ya samo asali. Don haka wanda ya kwanta a asibitin can, likita yana da dalilin yin taka-tsantsan da shi. Amma ESBL kam ba sai an hau jirgi ba. Kullum muna ganin ta a fitsarin matan da ko Kaduna ba su taɓa zuwa ba. Tamu ce, mu muka raine ta da ampiclox na bayan haihuwa da cipro na "taifod".

Alhajin Gashuwa: Hahaha, ɗana ka taɓo taifod, ka taɓo kowa.

Anti Nas: Ai Baba mutum ya yi ciwon kai kwana biyu, an yi Widal, an ce taifod, an ɗora ceftriaxone kwana biyar a ɗaki. Ranar da ake buƙatar ceftriaxone ɗin da gaske sai a tarar ya zama ruwa.

Umman Khalifa: Allah ya ba Baban Ilham lafiya. Dokta tunda ana maganar, ni ma ga tawa. Shekarata biyu da dashe, a nan Kano aka yi min. Duk lokacin da na kai fitsari sai an ga wata ƙwayar cuta wai ita Klebsiella. Ni ba zafi, ba zazzaɓi, ba komai, kiriyatinin ɗina, wato awon jinin da ke nuna aikin ƙoda, ma lafiya. Da farko ana ba ni magani, a sake gwaji bayan sati biyu a gan ta ta dawo, kuma kowane zuwa R ɗin ƙaruwa yake. Yanzu likitana ya ce ya daina ba ni komai sai in na ji alama. Wallahi hankalina bai kwanta ba. Ya za a ce ga cuta a takarda a ƙyale ta, alhali ga Baban Ilham an ce a ruga da shi?

Alhajin Gashuwa: Ni ma ban yarda da wannan ba. Ƙodar da aka sha wahala aka samu, a bar ƙwaro zaune a kusa da ita? Ki canza likita.

Dokta: Alhaji a yi haƙuri, kar ta canza. Likitanta a kan daidai yake, kuma ita da bakinta ta kawo hujjar: kowane zuwa R yana ƙaruwa.

Da can haka muke yi, duk mai dashen da aka ga ƙwaya a fitsarinsa sai a ba shi magani ko da garau yake. Hankali ma abin da zai ba ka ke nan. Sai aka gwada. Akwai binciken da aka yi a asibitocin Beljiyam da Faransa, aka fitar a 2021, mutum 199 da suka wuce wata biyu da dashe, dukkansu akwai ƙwaya a fitsari amma ba alamar ciwo. Aka ba rabi magani, aka ƙyale rabi, aka bi su shekara guda. Waɗanda suka kamu da ciwo na sosai kusan ɗaya suke a ɓangarorin biyu. Bambancin da aka gani shi ne waɗanda aka ba maganin sun sha antibayotik ninkin-ba-ninkin, kuma ƙwayar da ta dawo musu daga baya ta fi taurin kai. Tun 2019 ma ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka ta ce in an wuce wata ɗaya da dashe, kar a riƙa farautar ƙwaya a fitsarin wanda ba shi da alama.

Bambancinki da Baban Ilham, Hajiya, shi jikinsa ya yi magana. Ke takarda ce kawai take magana. Akwai inda ake togewa: mai juna biyu, wanda za a yi wa aiki ta hanyar fitsari, da makonnin farko bayan dashe, waɗannan hukuncinsu daban. Ke abin da za ki riƙe shi ne ranar da kika ji zafi, ko zazzaɓi, ko ciwo a kan ƙodar in kin danna, ko fitsari ya ragu, ba jira.

Umman Khalifa: To Dokta na ji, amma gaskiya zuciya ba ta so. Kullum in na shiga banɗaki sai na tsaya ina leƙen launinsa.

Baba Manomi: 'Yata ni na gane zancen Dokta ta gona. In kana feshi ɗaya kullum, ciyawa mai laushi ce take mutuwa, mai taurin ta samu fili ta yaɗu, wata rana ka wayi gari gonar duk ita ce. Ni dai tambayata, Septrin ɗin nan da aka ɗora mu a kai bayan aiki, ba shi ne ya kamata ya tare wannan ba?

Anti Nas: Baba Septrin ɗin babban aikinsa tare wata muguwar cutar huhu ce da ke kama masu raunin garkuwa, shi ya sa ake shan sa wata shida ko fiye. Yana ɗan taimakawa a fitsari, amma E. coli ɗinmu da yawa sun daina jin sa. Kar wani ya ga R a takardar fitsari ya ce ba shi da amfani ya ajiye, huhunka yake gadi.

Hajiya Yaya: Ni fa ku yi haƙuri, duk wannan turancin. Ciwon sanyi ne, kuma iyayenmu sun san maganinsa. Akwai wata mata a unguwarmu tana haɗa na sha da na zama, jarka ɗaya ta ishe shi. Ƙanwata shekara da shekaru tana fama, shi ya raba ta da shi.

Anti Nas: Hajiya ƙanwarki ƙodarta biyu kuma ba ta shan tacrolimus. Jarkar nan ba wanda ya san abin da ke ciki, ita mai haɗawar ma ba ta san yadda zai yi da maganin dashe ba. Tacrolimus abu kaɗan ke ɗaga shi a jini ya ƙona ƙoda, abu kaɗan ke sauke shi jiki ya far wa ƙodar. Ko magungunan asibiti ma muna tsoron wasu: erythromycin da clarithromycin da fluconazole suna ɗaga shi, rifampicin na tarin fuka yana zubar da shi ƙasa. Balle jiƙon da ba suna.

Hajiya Yaya: Ku 'yan asibiti komai na gargajiya sai kun kushe.

Anti Nas: Ba kushe ba ne Hajiya, ni ma da kunun kanwa aka yi min jego. Mai dashe ne dai ba a gwaji a kansa.

Abba Kemis: Tunda an gama da ni a sama bari ni ma na faɗi tawa. Kowa kemis, kowa kemis. Mutum ya zo da zafin fitsari, kuɗin da ke aljihunsa ba zai kai na gwaji ba, balle ya jira kwana uku, balle ya biya kati ya bi layi. In na ce ba zan ba shi ba, shagon gaba zai shiga. Kuma wa yake rubuta ceftriaxone ga kowa a asibitocin kuɗi, ni? Mahaifiyata mai dashe ce, na san zafin abin. Amma a daina yi kamar mu kaɗai muka ɓata.

Dokta: Ba ka yi ƙarya ba Malam Abba, namu laifin ma ba kaɗan ba ne. Ana barin robar fitsari a jikin majinyaci fiye da buƙata, ana rubuta allura don mai jinya ya ji an yi masa aiki, wani lokacin a duba wannan a wuce kan wancan ba a wanke hannu ba. Ga masu kiwon kaji da ke zuba antibayotik a ruwan sha tun daga ɗan tsako. Wani babban ƙiyasi da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna mutum kusan miliyan 1.27 suka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka bijire wa magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowa. Wannan ba aikin kemis kaɗai ba ne.

Roƙona gare ka ɗaya ne. Duk wanda ya ce maka yana da dashe, ko ka ga tacrolimus a ledarsa, kar ka ba shi antibayotik kafin a ɗauki fitsari, kuma kar ka ba shi diclofenac ko ibuprofen ko da ya roƙe ka. Cipro ma in ya haɗu da prednisolone yakan taɓa jijiyar agara, har ta tsinke.

Abba Kemis: Wannan na ɗauka. Amma maganar kuɗin gwaji tana nan, ba wanda ya amsa ta.

Alhajin Gashuwa: Ba mai amsa maka ita a nan ɗana. Mu da muke sayar da fili mu sayi maganin wata.

Ɗan Lab: Tunda kuɗin gwajin da wuya, aƙalla kar a yi asararsa. Da yawa daga takardun da ke tayar wa mutane hankali, fitsarin ne ba a ɗauka daidai ba. Za ka ga an kawo shi a kwalbar maganin tari da aka ɗauraye, ko an yi shi tun asuba an zo da shi bayan azahar cikin zafin nan, ƙwaya ɗaya ta hayayyafa ta zama dubu. A karɓi kwalbar lab mai murfi. A yi tsarki da ruwa, a saki na farkon ya zuba, a tari na tsakiya, kar yatsa ya taɓa bakin kwalbar. A kawo cikin awa biyu, in ba hali a sa a firji, ba wajen ƙanƙara ba. Kuma kafin a haɗiyi ƙwayar magani ko ɗaya. In an riga an sha, a faɗa mana, kar a ɓoye, don takarda za ta iya cewa ba komai alhali akwai. In kuka ga an rubuta ƙwayoyi iri uku a haɗe, yawanci datti ne ya shiga, a sake kawai.

Umman Khalifa: Kai, ni da nake kawowa daga Dawakin Tofa a jaka.

Ɗan Lab: Hajiya ki riƙa yi a nan banɗakin asibiti, ya fi.

Maman Ilham: 'Yan uwa mun iso tun ɗazu, an ba shi gado. Kafin mu ƙaraso zazzaɓin ya dawo, 39.2. Da likita ya danna wajen ƙodar sai da ya yi ƙara. Kiriyatinin ɗinsa da yake 110 ya koma 190. An ɗebi jini don a gwada ko ƙwayar ta shiga cikinsa, an sa ruwa, an fara meropenem ɗin. Sun ce a dakatar da mycophenolate na 'yan kwanaki amma ya ci gaba da tacrolimus da prednisolone. Ni tsorona hawan kiriyatinin ɗin, ko jikin ne ya fara ƙin ƙodar?

Dokta: Alhamdulillah da kuka je. Ciwon kansa yana ɗaga shi, ga rashin ruwa a jiki saboda zazzaɓi. Yawanci in magani ya kama sai ya fara sauka cikin kwanaki. In bai sauka ba za su duba awon tacrolimus, su yi hoto, su nemi wasu dalilan. Dakatar da mycophenolate ɗin shawararsu ce a kan gado, kar wani a zauren nan ya gani ya kwaikwaya a gida. Ki shirya zama kuma, irin wannan yakan kai sati biyu ana magani, kar ya ji sauƙi a kwana na huɗu ya ce a sallame shi.

Anti Nas: Maman Ilham wata tambaya. Yaushe aka cire masa sitent?

Maman Ilham: Wanne Anti? Robar fitsari tun muna can aka cire.

Anti Nas: Ba ita ba. Wani siririn bututu ne mai lanƙwasa a kai da ƙasa, ana barin sa a ciki tsakanin ƙodar da mafitsara don ɗinkin ya warke. Ba a ganin sa daga waje. Yawancin masu dashe ana sa musu, a cire bayan sati biyu zuwa shida. Duba takardar sallama, nemi inda aka rubuta DJ.

Maman Ilham: Na gani. An rubuta a cire bayan sati shida. Wallahi ba mu sani ba, sati huɗu muka yi muka taho saboda biza da kuɗin masauki. Tafintan ya yi ta bayani ranar sallama, mu hankalinmu na kan jerin magunguna.

Anti Nas: To tashi yanzu ki kai wa likitan takardar, ki nuna masa layin da yatsa.

Dokta: Sista Allah ya yi miki albarka. Wata huɗu da bututu a ciki, ƙwayar tana manne a jikinsa cikin wani yauƙi da magani ba ya ratsawa sosai. Ko an yi meropenem sati biyu cif, in yana nan za ta dawo, kuma ba lallai ta dawo da S a gaban meropenem ba. Magungunan da ake komawa gare su bayan meropenem kuwa, irin su ceftazidime-avibactam, samunsu a nan aiki ne, colistin kuma ƙoda yake ci. Hoto zai nuna ko yana ciki. Cirewar ba yanka ba ce, ta mafitsara ake shiga da na'ura mai kyamara, mintoci ne. Likitocin mafitsara su za su zaɓi ranar, yawanci in zazzaɓi ya sauka kuma yana kan maganin.

Alhajin Gashuwa: Duk wanda aka yi wa aiki a waje cikin shekarar nan ya je ya buɗe takardunsa yau. Na san mutum biyu a zauren nan da suka dawo bayan Sallah.

Baba Manomi: Ni nawa na tuna ranar da aka cire, ba zan manta ba, haha.

Maman Ilham: An yi hoton, yana ciki. Sun ce gobe da safe likitan mafitsara zai zo ya gan shi. Yanzu matsalar meropenem ɗin ce, na kantin asibiti ya ƙare, na gobe kawai muke da shi. Wa ya san inda za mu samu mai kyau a cikin gari?

Abba Kemis: Anti turo min hoton kwalbar ta akwatina, da yawan da aka rubuta. Ba na ajiye shi, amma na san dillalan da ke kai wa asibitoci, zan kira su tun da daren nan. Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa kafin ki biya ko sisi.